Ruwan da Mama Ba Ta Sha Ba

"Waccan ta bakin taga? Ni fa masu dariyar nan su na fi tsoro."

Rosemary na tsugune a bakin famfo tana wanke kwanon kunu maganar ta fito ta tagar ɗakin nas-nas ta same ta. Muryar Sista Perpetual ce, ba ta ɓuya, kauri gare ta kamar ta namiji. Ɗaya nas ɗin ta amsa da Turanci, suka koma zancen wani biki da za a yi a Durumi, shi ke nan. Amma Rosemary ta tsaya da soso a hannu har ruwa ya cika kwanon ya fara zuba kan silifas ɗinta. Gado ɗaya ne a bakin taga a ɗakin mata. Kuma mace ɗaya ce ke yawan dariya a ɗakin nan kaf, ita ce mamanta.

Satin da ya wuce ne abin ya faru, a gonarsu ta Paikon Kore. Mama ta sunkuya za ta ɗaga ƙwaryar doya zuwa kafaɗa, sai ta saki, ta dafe ƙeya da hannu biyu, ta ce an sara mata gatari. Babu kowa a bayanta. Ta yi amai, wuyanta ya sandare. Ebenezer, mijin yayar Rosemary, shi ya kawo mashin ɗinsa har cikin kunyoyin gona, aka sa Mama a tsakiya, Rosemary ta rungume ta ta baya har Gwagwalada. A asibiti aka ɗauki hoton kai, aka ce wata jijiya ce ta fashe, jini ya malale kewaye da ƙwaƙwalwa. Aka aske mata gefe guda, aka yi aiki, aka ɗaure jijiyar. Da ta farfaɗo, abin da ta fara tambaya shi ne ko an kwashe doyar nan kafin awaki su gama da ita.

Daga nan kowa ya ce an tsallake. Mama ta koma Mama. Ta shafa bandejin kanta ta ce wa matar gadon kusa, "Hajiya, kin ga rashin godiya? Mu Gbagyi ba ma ɗora wa kai kaya, kafaɗa muke wahalarwa. Tun ina yarinya ban ɗora wa kan nan ko tulu ba. Ga kafaɗa nan lafiya lau, wanda aka lallaɓa shi ya fashe." Hajiyar ta yi dariya har ɗinkin cikinta ya motsa, ta roƙi Mama ta bari don girman Allah.

Sai dai an kafa mata doka. Ba tashi, ba zama, ba sauka daga gado ko da zuwa bayan gida ne. A kwance, an ɗan ɗaga wajen kai. Ga wata ƙwaya da ake ba ta dare da rana ba fashi. Da aka ga tana ci tana hira, aka cire mata ƙarin ruwa da robar fitsari, aka ce yanzu da bakinta za ta sha. Sista Perpetual ta dire manyan gorunan ruwa uku a kan durowa, ta yi magana da Hausarta ta 'yan koyo.

"Mama, ka ga wannan? Kafin dare ya ƙare tas. Ba na son labari."

"Ni rijiya ce?"

"Rijiya ko ba rijiya ba, ka sha."

To, a nan aka samu matsala, kuma matsalar tana zaune a kan kujerar roba a ƙarshen gado, da hularta a kan gwiwa.

Ebenezer mutumin kirki ne, wannan ba wanda zai musa. Matarsa Christiana na gida tana jego, jaririyarsu Precious ko cibiya ba ta gama warkewa ba. Ita ta ce masa kar ya kuskura ya bar mata uwa a hannun yarinya. Shi kuwa ya ɗauki maganar da gaske. Tun da safe zai jingine mashin a ƙarƙashin dalbejiya, ya shigo da kular abinci, ya durƙusa ya gaida Mama, ya hau kujerar nan. Masu gadi sun san shi, ɗan acaɓa ne da ke sauke musu mata a kasuwa, ba mai tambayarsa katin jinya. Ba ya tashi sai an aike shi sayen magani, ba ya tafiya gida sai rana ta faɗi.

Mama kuma tun da aka yi auren nan ba ta taɓa kai loma baki a gabansa ba. Ko sunansa ba ta faɗa. Da ya shigo za ta ja zane ta rufe rabin fuska, ta kalli bango ta ce, "Baban Precious, an zo lafiya? Ya mai jego?" Ruwa ma sai ta juya baya take kurɓa. Yanzu ga shi an ce kar ta juya, kar ta tashi, in fitsari ya matse ta a kawo fo na ƙarfe a tura mata a ƙarƙashi. Labulen da ake ja bai kai ƙasa ba, bai kuma haɗe a tsakiya ba. Ƙarfe kuwa ba ya rufa wa kowa asiri, duk ɗakin sai ya ji.

Ranar farko Mama ta riƙe har idonta ya yi ja. Sai da aka aiki Ebenezer kantin magani ta ce, "Maza, maza!" Rosemary ba ta gama fitar da fo ɗin ba sai ga shi ya dawo, ya manta takardar. Ya yi turus, ya sunkuyar da kai, ya ja da baya. Da ya tafi da yamma Mama ta kira Rosemary kusa, ta yi mata magana da yarensu ƙasa-ƙasa.

"Ba za a sake ba. In ban sha ba, ba zan ji ba."

"Mama, Sista ta ce..."

"Sista ce ta haife ki? Sirikina ne. Ki bari in mutu da mutuncina, ba in rayu yana tuna ƙarar nan ba."

"To in ce masa ya riƙa fita waje."

"Ki ce masa me? Ya fita saboda me? Ai kin gaya masa ke nan." Ta nuna gorunan da haɓa. "Ke ba ki jin ƙishi? Sha."

Haka aka fara. Mama ta jiƙa leɓe, Rosemary ta shanye saura a bayan labule, ko a baranda in ba kowa. Da daddare bayan ya tafi Mama kan ɗan kurɓa, amma kaɗan, wai kar safiya ta kama ta da cikakkiyar mara yana zaune. Sista Perpetual ta zo ta ɗaga goruna ta girgiza, ta ga wayam.

"Yauwa Mama! Haka nake so. Hajiya, ka yi koyi da maƙwabcinka." Sai ta juyo kan Rosemary. "Ke kuma 'yan mata, mene ne tsakaninki da bayan gida? Duk na ɗaga ido kina hanya. Ko saurayi ne a can?"

Ɗakin ya kwashe da dariya, har da Mama. Rosemary ta kalli yatsun ƙafarta.

Ita dama ba mai magana ba ce. A sakandare ma malamai kan manta tana aji sai an raba takardun jarrabawa. Abin da ta iya shi ne kallo. Ta san wace nas ce ke da nauyin hannu wajen allura, ta san matar gadon ƙofa tana ɓoye ƙwaya a ƙarƙashin filo. Ta kuma san leɓen Mama ya fara tsagewa, domin ita ke shafa masa man kaɗanya kafin likita ta zo zagaye. Mama ce ta ce ta shafa.

Tun da ta ji maganar nan ta bakin famfo, asibitin ya ƙara matse mata. Daga gado zuwa famfo, daga famfo zuwa bayan gida, daga nan zuwa kwalin da take shimfiɗawa a baranda. Ta taga tana hango motoci na wucewa, 'yan jami'a da jakunkuna a baya, masu lemo suna kiran ciniki. Ita ko bakin ƙofar asibiti ba ta isa ta je ba, kar Sista ta zo ta tarar da gora cike.

Me ya sa mai dariya za ta zama abin tsoro? Tsoron me? Ba an ɗaure jijiyar ba? Da ma akwai abin da likitoci suka yi bayani ranar aiki, amma Ebenezer suka kira ofis, shi ne namiji. Da ya fito abin da ya kawo bai wuce "a huta, a sha magani, a sha ruwa" ba. Rosemary ta yi ta juya wannan na ƙarshen a ranta. Ruwa ai ruwa ne. Kowane likita yana cewa a sha ruwa, ko mura ka kai masa. Haka take gaya wa kanta, sai ta ɗaga gora.

Kullum da safe Dakta Kauthar kan zo, siririya mai farin gilashi da ɗan ƙaramin mayafi, tana tafiya kamar ana jiranta a wani wuri. Abu ɗaya take sa Mama yi.

"Mama, ɗaga min hannu biyu. Rufe ido. Kar ki sauke. Yauwa. Matse yatsuna. Kai, Mama, za ki karya ni! To ina muke yanzu?"

"Gidan yari."

"Wane gari?"

"Gwagwalada. Ke ce shugabar gandirobobi."

Dakta ta yi murmushi ta rubuta. Tana juyawa takan ce, "Akwai tambaya?" Ebenezer ya miƙe ya ce babu, Allah ya saka. Rosemary kuwa tambayar na nan a maƙogwaronta, ta taso har bayan haƙora. Sai ta ji idon Mama a kanta ta saman zane. Kafin ta haɗiye yawu Dakta ta kai gado na gaba.

Sau ɗaya ta gwada ta wata hanyar. Ta tare Ebenezer a baranda yana wanke hannu.

"Yaya, ba za ka ɗan fita aiki ba? Ni ina nan ai."

Ya dube ta kamar ta zage shi. "Aiki ya fi Mama ne?" Ya ɗaga murya yadda za a ji daga ciki. "Matar da ta ba ni 'yarta? Ko wata za a yi a nan, ina kan kujerar nan. Ke dai kin gaji ne, ki faɗi gaskiya, auta."

Ta ce a'a, ba ta gaji ba. Ya koma ya zauna, ya ɗora hula a gwiwa.

Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci matan zumunta suka zo, cikin anko, da kwanon tuwo da ledar lemo. Mama ce uwar zumuntarsu, ita ke ba da waƙa su amsa. Sista ta ce mutum biyu-biyu, ba hayaniya, amma kafin a ankara sun kewaye gadon. Suka fara waƙa a hankali, suna tafi da tafin hannu kawai. Mama ta buɗe fuska, tunda mata sun tare tsakaninta da kujerar, ta shiga tafi ita ma.

Rosemary na tsaye wajen kai. Ita ta ga hannun dama ya zo zai haɗu da na hagu ya wuce ta ƙasa. Ya sake zuwa, ya sake kuskurewa. Na uku bai taso ba, ya kwanta a kan zanin gado, na hagu ya ci gaba da tafa iska.

Aka gama waƙa. Wata ta ce, "Uwa, me za mu kawo miki ran Laraba?"

Mama ta buɗe baki. Ta kalli kofin da ke kan durowa. "Ku ba ni... doyar nan."

"Wace doya?"

"Doya. A'a. Abin nan... kafaɗa."

Matan suka fashe da dariya. "Uwa ba za ki canza ba! Kina gadon asibiti ma doya!" Ebenezer ma ya yi dariya daga bayansu, yana girgiza kai. Mama ta yi kamar za ta taya su, amma gefe ɗaya ne na bakin ya tafi, ɗayan ya tsaya. Idonta ya zagaya ya sami Rosemary. Ta motsa leɓe za ta kira sunan da ita ta raɗa mata, sunan bai zo ba.

Rosemary ba ta san lokacin da ta ratsa tsakanin matan ba. Ta iske Sista Perpetual na rubutu a teburinta. Ta tsaya. Sista ba ta ɗago ba.

"Sista."

"Bayan gida na can inda kika bar shi."

"Sista, hannun Mama."

Biron ya faɗi. Rosemary ba ta taɓa zaton mace mai jiki haka za ta iya gudu ba. Kafin ta dawo ɗakin, Sista ta kori matan zumunta da murya ɗaya, ta nuna wa Ebenezer ƙofa da yatsa, ya fita da hularsa a hannu. Abin da Rosemary ta kasa a kwanaki, Sista ta yi shi kafin ƙiftawar ido. Aka ja labule. Aka kira Dakta Kauthar a waya, ta zo ba farar riga, da alama daga gida. "Mama, ɗaga hannu biyu." Ɗaya ya tashi. "Ina muke?" Mama ta dube ta, hawaye ya gangaro ta gefen kunne. Ba gidan yari, ba gandirobobi.

Aka nemi jijiya a hannu don ƙarin ruwa. Aka soka nan, aka soka can, Sista na tsaki ƙasa-ƙasa, sai a bayan tafin hannu aka samu. Aka tura gadon zuwa ɗakin hoto, aka dawo da shi. Duk wannan Rosemary na manne da bango, gora ɗaya rungume a ƙirjinta, ba ta ma san ta ɗauko ba.

Da la'asar Dakta ta fito baranda ta kira Ebenezer. Rosemary ta tsaya a bayansa kamar yadda ta saba.

"Ba sabon jini ba ne ya zuba, wannan mun gode Allah," in ji Dakta. "Amma ka tuna na ce maka aikin ba shi ne ƙarshe ba? Jinin da ya riga ya malale yana nan kwance, bai gama wankewa ba. Shi ke damun jijiyoyin da ke kusa, bayan 'yan kwanaki sai su tsuke. Kuna noman rani?"

"Muna yi, Dakta."

"To kamar a taka tiyon ban ruwa ne. Injin na aiki, amma can ƙarshen fadama ruwa ba ya isa. Wajen da ke riƙe da hannunta da maganarta, jini bai isarsa. Ga ƙwaƙwalwar ta ɗan kumbura, ƙoƙon kai kuma ba ya buɗewa ya ba ta wuri, sai matsin ya ƙaru. Shi ya sa muke tsare su a nan ko suna hira suna dariya. Mutum na iya zama garau da safe, da rana ya juye."

Rosemary ta ji maganar bakin famfo ta dawo mata, wannan karon da ma'anarta.

"Yanzu me za a yi?" in ji Ebenezer.

"Muna ƙara mata ruwa, za mu ɗan ɗaga ƙarfin bugun jinin ya samu ya ratsa. Wasu hannun na dawowa in an kama da wuri. Wasu kuma..." Ta gyara gilashinta. "Yana faruwa ko an yi komai daidai, kar ku zargi kanku. Abu ɗaya ne dai ya ɗaure min kai. Jikinta a bushe yake, jijiya da ƙyar muka samu, kamar wadda ta kwana biyu ba ta ga ruwa ba. Kuma Sista ta ce gora uku take shanyewa kullum. In haka ne, to ruwan na zurarewa ta wani wuri, sai mun nemo dalili. Zan sa a ɗebi jini a duba."

"Tana sha, Dakta," in ji Ebenezer. "Ina zaune a wurin. Kullum gorunan wayam."

Dakta ta ce to, ta nufi teburin nas-nas.

Rosemary ta shiga bayan labule. Mama na kwance, ido buɗe, ruwa na ɗiga daga leda. Man kaɗanyar safe ya bushe, leɓen ya tsage har da ɗan jini. Rosemary ta ajiye gorar ta durƙusa. Hannun hagu ya lalubo wuyan hannunta ya riƙe, riƙon mai ɗaukar doya, har yanzu da ƙarfinsa. Mama ta juya ido wajen ƙofa, inda inuwar Ebenezer ke kai da kawowa a ƙasan labule, ta dawo da shi kan 'yarta. Ta girgiza kai kaɗan. Bakin ba ya aiki, amma Rosemary ta ji sarai.

Ta kalli ɗaya hannun. Yana kwance a buɗe, tafin sama, da kantar fartanya a gindin yatsu. Ta sa yatsanta a ciki ta jira ya matse. Bai matse ba.

A hankali ta ɓamɓare yatsun Mama daga wuyan hannunta, ɗaya bayan ɗaya. Mama ta yi wani sauti a maƙogwaro. Rosemary ba ta waiwaya ba.

Dakta Kauthar na tsaye tana rubutu, Ebenezer a gefenta yana jiran a ba shi takardar gwaji. Rosemary ta zo ta tsaya a gabansu, ba a baya ba.

"Yaya, don Allah ka ɗan ba mu wuri."

Ya dube ta baki buɗe. "Ni?"

"Don Allah."

Ya kalli Dakta, ya kalli Rosemary, ya ja ƙafa zuwa ƙarshen baranda yana juya hula a hannu. Dakta ta rufe biro. Karon farko ke nan da ta dubi Rosemary sosai.

"Ƙanwata, ina jin ki."

Marar Rosemary cike take da ruwan rana, na Mama.

"Dakta, in ba ita ke shan ruwan nan ba fa? In ni ke shanyewa tun ranar da aka cire mata roba... hannun zai dawo?"